Lokacin da Na Shiga Ekip ɗin Ɗana

Shekarar da wasan nan na waya ya shigo garinmu Gazawa, ba wanda ya kai ni zaginsa. Ina gyaran babur kusa da tasha, daga rumfata ina hango fadar samari a gindin bedi, wato darbejiya, inda suke dafa shayi bayan la'asar. Da wasan ya zo sai kowa ya sunkuya kan waya, shayi na ƙonewa ba mai kula. Dattawa suka ce shirme ne, ni kuma na ce wanda ya ƙirƙiro shi ba shi da aikin yi.

Mutum biyar ke haɗuwa su kara da wasu biyar na wani gari, kowa da jaruminsa, a bi hanyoyi uku ana rusa hasumiyoyin abokan gaba har a kai gidansu. Ɗan farina na cikin biyar ɗin unguwarmu, waɗanda ake kira ekip, kuma an ce shi ne gwaninsu. Ni ban shaida ba, don akwai kunyar ɗan fari tsakaninmu. Ba na kiran sunansa, in na shigo wuri ya tashi.

Da ɗaya daga cikin biyar ɗin ya tafi ci-rani sai gurbi ya samu. Ina wucewa wani yaro mai bakin tsiya ya ce, "Baba, ko za ka cike mana?" Wasa yake yi. Ni kuwa na ja benci na zauna. Ina jin son zama kusa da yaron nan ne ya kai ni, amma a lokacin ce wa kaina na yi zan nuna musu wasan ba komai ba ne.

Na zaɓi wani ƙato mai gatari, don ya yi daidai da halina. Da an fara sai in kutsa gaba, ba na jiran kowa. Na lura ba na yawan mutuwa, sai kaina ya kumbura, har a tasha ina ba direbobi labarin bajintata. Ana cinye mu kusan kullum, amma ina da amsa: rezo ne, wato sabis ɗin waya, ko kuma yaran zamani ba su da zuciya. Ba wanda ya taɓa musa mini. Fadar takan yi tsit in na zauna, na ɗauka natsuwa ce.

Sannu a hankali abokan ɗana ukun suka fara zamewa. Yau waya ba caji, gobe an aike su garin Gangara. Daga baya na ji sun koma bayan lakol, makarantar bokon garin, suna wasa da waɗansu biyu. Ɗana ya rage shi kaɗai a gindin bedi, abokan da ya tashi da su tun suna tallar ruwa sun bar shi. In na zo mu biyu mu shiga da baƙin da wasan ya haɗa mu da su. Na ce masa, ba tare da na dube shi ba, abokansa ba 'yan goyo ba ne.

Wani direba Bagobiri daga Gidan Rumji ne ya fasa ƙwan. Shi ma yana taɓa wasan in yana jiran fasinja, kuma tsakanin Bagobiri da Bakatsine irina ba a ɓoye magana. Ya tsaya a bayana yana kallo har aka gama, sannan ya bushe da dariya.

"Kai Bakatsine, mi kaka yi haka? Wanga ba wasa ba na, kiwo na! Kai ka tahiya kamar ɓataccen sa, yaron ga na biye da kai da magani."

Na ce ya kama bakinsa.

"Duba hannunai dai. Yaron da anka sani da sara har Agiye, ka maishe shi mai jinya. Kuma wa za ya ce maka koma baya? Kai uba na."

Na duba wayar ɗana. Jarumin da ke kanta wata 'yar siririya ce mai warkar da rauni. Kullum tana bayan ƙatona, ban taɓa tambayar ko ta wace ce ba. Wasan nan da tsawa ake yin sa, wannan ya ce ja baya, wancan ya ce jira ni. Ni kuwa ba mai iya ba ni umarni, sai suka yi ta shan kashi cikin ladabi har suka gaji. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba ko ranar da na je gaida surukai. Yaron ya tashi ya ce zai duba gawayi.

Washegari na taka har bayan lakol da furfurata, na sami ukun. Suka miƙe suna gaishe ni. Na ce aiki ya yi mini yawa, na bar wasa, su mai da abokinsu. Ba wanda ya ce in yi haƙuri in zauna, ko na fatar baki.

Suka dawo gindin bedi. Ina rumfata ina kwance tayar wani babur sai na ji wata murya ta cika titi: "Kai, koma baya! Ku biyo ni ta tsakiya, yanzu!" Ana ihu, ana dariya, ana zagin juna. Sai da na ɗaga kai na leƙa kafin na yarda ɗana ne. Na ja kujerata can ciki, kada ya hango ni ya yi shiru.