Kwalayen da Ustaz Rabi'u ke aika wa Inna

Duk wanda ya zauna a shaƙƙarmu, wato gidan hayarmu na ɗalibai a unguwar Faisal ta Alƙahira, ya san ladan na kiran salla kowa buta yake nema, amma Ustaz Rabi'u kanta yake nufa. Nan ya jera 'yan mutum-mutumin nan na roba da ake lanƙwasawa su koma mota. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tura kai ciki, ya naɗe hannu, ya fito da tayoyi. A fatawarsa, mai kai da ido sura ce da ke hana mala'iku shiga gida, mota kuwa ba ruwanta. Mu dai shaida ne, ba kasafai yake riskar raka'ar farko ba.

Abin haushin, mutum-mutumin guda ne, fenti kawai ake sakewa! Ran nan ya shigo da sabo yana washe baki, na ce, "Ustaz, ba wannan ne na watan jiya ba?"

Ya dube ni kamar na zagi mazhabarsa. "Haba Malam Sani! Wancan ja ne, wannan ja mai duhu. 'Yan kaɗan aka yi a duniya."

"To me yake yi wanda wancan ba ya yi?"

"Wahalar samu."

Mutumin da ful, dafaffen waken nan na Masar, yake karyawa da shi, ful yake kwana da shi, ya taka da ƙafa har unguwar Dokki don kada ya biya kuɗin mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya. Amma ranar da ya karɓo wani baƙi mai ratsin zinariya, kujera sukutum ya kama wa kwalin, shi kuma ya maƙale a bakin ƙofa. Direba ya ce, "Yalla ya shehi, ɗora shi a cinya mana!" Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, gefen kwalin zai lotsa."

In kanta ta cika, sai ya ɗaure tsofaffin a kwali, ya liƙa wa duk ɗalibin da zai tafi hutu, a kai wa mahaifiyarsa a Funtuwa da sunan littattafai. Inna kuwa ta cika unguwa da labarin ɗanta na tara ilimi a Masar. Nan ne kaɗai Rabi'u ba ya wasa. In muka tsokane shi za mu tona, sai fuskarsa ta canza: "Ku yi mini komai, amma don Allah kada Inna ta ji. Kunyar za ta kashe ni."

Zazzaɓin 'yan kwanaki ne ya ɗauke shi, muka binne shi a Alƙahira. Ni aka ɗora wa kai kwali na ƙarshe. Tun daga jirgi nake shirya ƙaryar da zan yi.

Bayan mun yi gaisuwa mun yi kuka, Inna ta jawo kwalin, ta girgiza shi kusa da kunne, ta ce, "Ɗan nan, wannan wane launi ne?"

Na fara cewa littattafai ne, ta katse ni.

Ta ce, "Tun kwalin farko na gane. Littafi ba ya ƙwaram-ƙwaram. Yaron nan ko motar kara ubansa bai bari ya ƙera ba, daga allo sai littafi har aka sa shi a jirgi. Na ce a bar shi ya yi wasansa. Na yi shiru ne don kada ya ji kunyata ya daina."

Ban taɓa jin kewar mutum kamar lokacin ba. Allah Ya jiƙan Rabi'u, Ya yafe masa raka'o'in da ya makara, Ya sanyaya makwancinsa a ƙasar baƙunta. Inna kuma Allah Ya ba ta haƙurin rashinsa, Ya haɗa su a gidan Aljanna.