Ɗan Bayan da Ba Ya Tsawa

In ka bi ta bayan tashar Abbasiya ka ga wani dogo mai faɗin kafaɗa a shagon kaji, yana fige kaza kamar da ita yake faɗa, to Ukasha ke nan. Ni aski nake yi a unguwar Hayyus Sabi', na san shi tun ƙafarsa tana da daraja.

Daga Gusau ya zo Alƙahira karatun addini, amma wallahi Larabcinsa bai wuce na sayen burodi ba. Ƙwallo ce ta kawo shi duniya. Duk Juma'a bayan la'asar ɗaliban Najeriya kan haɗu a fili, shi yana tsaron baya. Ɗan gaba ya taho a guje, sai ka ga ƙwallo ta koma inda ta fito, shi kuma yana zaune a ƙasa yana neman takalminsa. Ba mugunta, kwashewa kawai. Jarrabawa kuwa ta yi ta kayar da shi har aka yanke masa tallafin karatu, iƙamarsa, wato izinin zama, ta kusa ƙarewa. Ko dai ƙwallo ta fitar da shi, ko ya koma gida hannu rabbana.

Wanda ya riƙe shi a Masar shi ne Habu, ɗan unguwarsu, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba. Shi ya tarbe shi a filin jirgi, ya ba shi katifa a ɗakinsa. Habu ma baya yake bugawa, kafaɗa da kafaɗa da Ukasha, duk da tumbinsa yana riga shi isa ko'ina. Wa zai cire shi? Shi ne shugaban ɗalibai, ƙwallon ma tasa ce.

Ana nan sai Mu'tasim, wani Bamisire dillalin 'yan wasa, ya kawo mana Bajamushe. Tsohon ɗan baya ne, ya yi shekaru yana bugawa a ƙasarsu har gwiwa ta ajiye shi, yanzu yana nema wa wata ƙaramar ƙungiya yara. Mu'tasim ya ja Ukasha gefe ya ce, "Kai ya zo gani. A wurinsu ɗan baya shi ne mai baki. Ka yi tsawa, ka jera mutanenka. Yalla!"

Da 'yan Sudan na unguwar Ard al-Liwa aka buga. Ana fara wasa Habu ya gaji, ya maƙale can kusa da gola. Duk sanda layin baya ya matsa gaba don a kama ɗan gaba da satar gida, Habu na nan a baya yana haki, ya ɓata tarkon. Kalma ɗaya ake buƙata: "Fito!" Ina bakin fili ina ihu, "Ukasha, daka masa tsawa mana! Bakinka ciwo yake?"

Sai ga shi ya tafi har wurin Habu, ya ɗan rusuna, a tsakiyar wasa fa, ya ce, "Yaya, da za ka ɗan matso gaba."

Habu ya ce, "Kai ne za ka koya mini ƙwallo?"

Shi ke nan. Ukasha ya koma yin aikin mutum biyu, yana zubewa nan yana tashi can, gwiwa duk jini. Duk da haka aka zura mana biyu, duka ta gefen Habu.

Bayan wasa Bajamushen ya yi magana, Mu'tasim ya fassara: ƙafar yaron ta fi ta kowa a filin, amma ɗan bayan da ba ya buɗe baki ba shi da amfani a wurinsu. Bajamushen ya ɗauki Isma'il, wani ɗan Sudan da ya wuni yana zagin golansu. Mu'tasim ya dafa Ukasha ya ce, "Ma'alish," wato ya yi haƙuri.

A mota na ce masa, "Kai wawa ne, wallahi." Ya ce, "A ɗakinsa nake kwana. Da wane baki zan yi masa ihu a gaban mutane?" Haushi ya kama ni, har yau kuma bai sake ni ba.

Iƙama ta ƙare. Kunyar komawa Gusau ta tsayar da shi a shagon kaji, yana ganin ɗan sanda yana canza hanya. Isma'il yana can Jamus yana bugawa.

Bara Habu ya gama digirinsa na uku, aka yi masa walimar bankwana. Na kasa haƙuri, na ce, "Malam Habu, ka tuna ranar Bajamushen nan?"

Ya ce, "Wane Bajamushe?"

Bai tuna ba, wallahi bai tuna ba. Sai ya hango Ukasha yana raba shinkafa, ya nuna shi ga jama'a ya ce, "Kun ga yaron nan? Duk zamanmu, ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga mini murya ba."

Kowa ya ce, "Masha Allah."

Ukasha ya ce, "Na gode, Yaya," ya ajiye masa faranti.