Injin da ke tari sau uku

A rumfar wani bakanike da ke bakin ruwa nake kallonsa: dattijo ne gajere mai farin gemu, wando a naɗe har gwiwa, farata duk baƙin mai. Injinan dizal biyu ne a gabansa, ɗaya sabo fil, ɗaya kuwa tsohon na jirginsa, tsatsa ta ci gefensa.

"Baba, ka hutar da kanka ka ɗauki sabon nan," in ji bakaniken. "Tsohon nan wata rana a tsakiyar ruwa zai ajiye ka, ga fasinja cike da jirgi."

Dattijon bai musa ba. Ya ce a tayar da sabon. Ga shi nan ya karkata kai, ido a lumshe, injin yana tafiya sumul.

"Kai, yaron nan akwai ladabi," ya ce yana dariya. "Amma ba ya tari. Nawa kuwa, in na rage wuta zan tsaya, sai ya yi tari uku. Shekara talatin ke nan da shi uwar 'ya'yana ke sanin na iso, ta ɗora mini ruwan wanka."

Ban san ta ba, amma kamar ina ganinta a tsakar gida, kunne a bakin ruwa.

"Buɗe tsohon, ɗana," in ji dattijon. "Duba shi da kyau. Duk abin da zai kunyata ni a ruwa, canza shi."

Bakaniken ya ɗauki sifana. Dattijon ya riƙe masa hannu.

"Tarin dai, ka bar mini shi."