Kwalbatin da Aka Rufe Kafin Mu Iso

Mun tashi da asuba daga Daura, ko masu ƙosai ba su gama hura wuta ba. Ni ne da direba da maigidana na wurin aiki. Ni na zana kwalbatin da za mu dubo, amma digiri kawai gare ni, ban samu rajistar injiniyoyi ba tukuna, don haka sa hannuna da na mai sayar da rake duk ɗaya ne a wurin hukuma. Maigidan ne mai lasisi da hatimi. Abin haushi, a garinmu mai gyaran janareta injiniya ne, mai gyaran waya ma injiniya ne, ni da na sha wahalar karatun ne doka ta ce in dakata.

Wani ƙauye muka nufa a bayan Babban Mutum, wanda duk damina rafi ke raba shi da asibiti da kasuwa. Mutanen sun haɗa ƙarfi za su gina kwalbati, hukuma kuma ta yarda ta ɗora musu hanya a kai, da sharaɗin injiniya mai rajista ya ga rodin da idonsa kafin a zuba kankare. In babu hatiminsa, babu hanya.

Muka bi ta Zango. Titin ba laifi, sai dai awaki sun mai da shi gadon gidansu. A Baure muka karya, ƙosai ya ƙanƙance har direba ya tambayi mai suyar ko na yaye ne. Muna barin Babban Mutum yashi ya karɓe mu, mota ta kafe, sai da 'yan babur masu dakon jarkoki suka tura mu. Gonaki duk an share, kowa ruwa yake jira.

Tun daga nesa muka jiyo ganga. An shimfiɗa tabarmi, ga fura mai sanyi a ƙwarya. Ina leƙa rafin gabana ya faɗi. Kwalbati ga shi nan a gine, an shafe shi sumul! Ashe da suka ji muna tafe, mai gari ya kira gayya aka zuba kankaren. Wai abin kunya ne babban baƙo ya tarar da aiki a barbaje. A ganinsu hatimi kamar addu'ar liman ne, sai an gama ake yin ta. Raina ya ɓaci, ga shi ba halin faɗa, mutane suna ta yi mana murmushi suna jiran yabo.

Mai gari ya rantse rodin yana ciki yadda na zana, har ya kira shaidu. Maigidana ya ajiye ludayi ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ƙaryata ka ba. Amma hatimin nan cewa yake na gani, ni kuwa ban gani ba. In ya rufta da mota, ni za a tambaya, nan da Lahira." Ya ce mafita ɗaya ce, a fasa gefe a tono rodin.

Makaɗi ya rataye gangarsa. Mai gari ya daɗe yana kallon gabas inda hadari ke haɗuwa, sannan ya ce a miƙo masa guduma. Shi ya kai dukan farko. Da aka tono, rodin yana nan daidai, abin da ya ƙara mini takaici ke nan. Maigidana ya buga hatimi a kan murfin mota, ya ce a toshe ramin yau yau, kafin ruwa ya shiga.

Muka kamo hanyar dawowa. Na dai gane hatimi shaida ne, kuma in za ka duba aiki a ƙauye, ka faɗa da babbar murya cewa a buɗe kake son ganinsa. Muna shiga Daura ruwa ya kece. Na yi ta kiran mai gari in ji ko sun toshe ramin, wayar ba ta shiga ba.