Targaɗen Madam Rosemary Mai Tsani

A layinmu na Kubwa, Madam Rosemary Mai Tsani ake ce mata. 'Yar Kagoro ce. Ta zo Abuja tana budurwa, ta yi aikin girki a wani gida a Maitama, daga baya ta buɗe rumfar abinci kusa da tashar Jabi. Mijinta Albert kafinta ne. Da ya rasu, ya bar mata ɗan ƙaramin gida, da 'yarsu Felicity, da wani dogon tsani na ƙarfe.

Daminar farko bayan rasuwarsa, kwano ya fara yoyo daidai kan gadonta. Kafintan da ta kira kullum sai ya ce gobe. Da ta gaji da kwana da bokiti, ta zura wandon marigayin ta hau da kanta.

"Na buga ƙusa a inda ba ya yoyo," in ji ta, in tana ba da labari. "Na sauko ina alfahari. Da aka yi ruwa sai na nemo bokiti na biyu."

A hankali dai ta iya. Gyaran kwano, wankin tanki, sauya ƙwan lantarki, duk ita ke yi. Maƙwabta suka fara aron tsanin, amma ba ta bayarwa sai ta yi bayani. A kafa shi a ƙasa mai tauri. Wani ya riƙe. Ba a hawa da silifas. In hannu bai kai ba a sauko a matsar da tsanin, kada a yi ta miƙa har baya ya riƙe. Malam Lukmanu, maƙwabcinta da ke aiki a sakatariya, ya taɓa ce mata, "Madam, tsani na zo aro, ba wa'azi ba."

"Oga, tare suke tafiya," ta ce.

Wata Asabar ta hau kwashe ganyen mangwaro da ya toshe hanyar ruwa a bakin kwano. Ta ɗaure takalmin kambas, Felicity tana riƙe da tsanin, aiki ya tafi daidai. Tana saukowa, saura kaɗan ta taka ƙasa, sai ƙaurin wake ya bugi hancinta. Ta tuna tukunyar da ta bari a wuta. Ta juya baya ga tsanin ta diro. Ƙafarta ta dama ta sauka a gefen kwata, ta gurɗe.

"Mama, kin faɗi!"

"Ban faɗi ba, zama na yi. Je ki sauke waken."

Ta miƙe ta ɗingisa ciki don kada 'yan layi su gani. Ta gasa ƙafar da ruwan zafi, ta murza ta da man zafi iya ƙarfinta. Kafin yamma idon sawun ya kumbura har kambas ɗin ba ya shiga. Malam Lukmanu ne ya kai ta asibiti a motarsa, yana danne dariya, kafaɗunsa na rawa.

"Yi dariyarka, Oga," ta ce. "Ni ma da ba ƙafata ba ce, da na fi ka yi."

Aka ɗauki hoto, ba karaya, targaɗe ne. Likita ta yi mata faɗan gashi da murza, ta ce ƙanƙara ake sawa da farko, a naɗe da bandeji, a ɗora ƙafar kan matashi a huta. Hutun nan shi ya fi ba ta wahala. Felicity ta riƙe rumfa, ita kuwa tana zaune a baranda tana karɓar 'yan dubiya.

"Sannu Madam, daga kan kwano kika faɗo?"

"Ina fa! Daga inda kaza take tsallakowa ba ta buɗe fiffike ba. Kuma waken ya ƙone."

Sai da damina ta kusa ƙarewa ta koma Jabi. Tana hawa tsani har yanzu, amma fuskarta na kallonsa har ƙafafunta biyu su taka ƙasa, ko me ke ƙauri. Likita ta koya mata tsayuwa da ƙafa ɗaya don idon sawun ya yi ƙwari, ita kuma a bakin murhu take yi, tana juya miya. Direbobin tasha sun daina tambaya. Baƙi ne kawai suke tsayawa da faranti a hannu suna kallonta.