Mwanakombo Ta Tafi Shuka da Ƙafarta

A ɗakin wanki na wani otal da ke bakin teku a Diani, babu wanda ya kai Mwanakombo daɗewa. Ta shiga tana goyon ɗanta Bakari, ga shi yanzu har ya fara gemu. Ba ta da yawan magana. Tururin guga ya dafe mata yatsu, idan ta kama hannunka sai ka ji kamar ɓawon rogo. Da wannan aiki ta rufa ɗakinta na garin Ukunda da kwano, da shi take sayen maganin hawan jinin mahaifiyarta.

Kowace shekara idan ruwan sama ya kusa, baƙi suna janyewa, otal ya yi shiru. Masu gona a ƙauye sukan nemi izini su tafi shuka, su bar wa marasa gona ɗan aikin da ya rage. Ba doka ba ce, kara ce kawai. Idan iska ta juya, lokacin baƙi ya dawo, shugaban ɗakin wanki, Malam Mwachiro, ya aika a ce kowa ya dawo. Kuma ba a zuwa sai an kira. Zuwa kafin kira kamar roƙo ne.

Shekarar da korona ta zo, baƙin sun watse tun kafin hadari ya haɗu. Aka riƙa ganin jakunkuna jere a ƙofa. Injin wanki ɗaya kaɗai ke juyawa. Mwanakombo ta dubi abokiyar aikinta Nduku, mai 'ya'ya ƙanana, wadda ba ta da ko taki ɗaya na gona a yankin, ta je ta sami Mwachiro.

"Malam, zan tafi gida in sa masara."

"Tun yanzu, Maman Bakari? Ko ke ce za ki kira ruwan?"

"Ƙasa ta fi son mai sammako. A bar wa Nduku wurin."

Nduku ta ɗago daga kan zanen gado. "Ji tsohuwa da wayo! Gudun cuta take yi, ta fake da ni. Ki dai kawo mini rogo, kar ki dawo hannu na dukan cinya."

Suka yi dariya, amma babu wadda ta daɗe tana yi. Ba a yi mako ba aka rufe otal ɗin, aka sallami kowa.

Ta yi shuka, ta yi noma, ta girbe. Iska ta juya, saƙo bai zo ba. Hanyoyi suka rufe, suka buɗe. Wata damina ta sake wucewa. Maganin mahaifiyarta ya koma rabin ƙwaya a rana. Tana ajiye wayarta a kan buhun masara inda ake samun layi, tana jira kamar yadda ta saba.

Sai labari ya iso ƙauye cewa ƙungiyar ma'aikata da masu otal na yankin sun yi yarjejeniya: duk wanda ya sake buɗewa, sai ya fara kiran waɗanda cutar ta sa ya sallama, tsofaffi a gaba, kafin ya ɗauki sabo. Mwanakombo ta wanke kayan aikinta, ta goge, ta rataye. Idan daɗewa ce, ai ita ce ta fari.

An kira mai dafa shayi. An kira masu shara. Wata safiya Nduku ta buga.

"Yaya, kina ina ne? Mun koma tun shekaranjiya. Na ɗauka jan aji kike yi."

"Ba a kira ni ba."

Ta cikin wayar tana jin ƙarar injin wanki a bayan Nduku.

"Ki zo," in ji Nduku. "Ki bar kunyar nan, ki zo yau."

Ta hau mota zuwa Ukunda, ta ƙarasa a keke mai ƙafa uku. Sabon mai gadi ya auna zafin jikinta, ya tambaye ta wurin wa ta zo. Mwachiro ne ya fito da kansa, takunkumi a haɓa. Ya rame. Ya gaishe ta, ya tambayi mahaifiyarta, ya tambayi masara, yana kallon bango.

"Malam, na ji an ce tsofaffi a gaba."

"Haka ne. Waɗanda aka sallama." Ya shafa ƙeya. "Manyan otal sun ce ke ba a sallame ki ba. Da ƙafarki kika tafi, otal yana buɗe."

"Shuka na tafi. Kai ma ka sani."

"Na sani, wallahi. Na faɗa musu. Suka ce yarjejeniya ba ta san shuka ba."

"To in jira?"

Ya kawar da kai. Ta tagar ɗakin wanki ta hango wata yarinya da ba ta taɓa gani ba, tsaye a teburinta, tana danna dutsen guga a kan rigar matashin kai. Nduku na gefe, ta ƙi ɗagowa.

"Wakilin ƙungiya yana zuwa ranar Alhamis," in ji Mwachiro a hankali. "Ki gwada. Amma kar ki ce ni na ce. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Masu gona duk haka aka yi musu."

Mai gadi ya matso ya ce a ba mota hanya. Mwanakombo ta koma gefen titi, ta zauna a kan dutse da ledar kayan aikinta a cinya. Ranar Litinin ce. Mai gadi ya tura ƙofa ya sa sakata.