Wanke Sunan Mas Warsidi, Mai Ƙarar Ƙofa

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Da hantsin Laraba, 9 ga Maris, 2011, aka buga mini waya cewa Allah ya yi wa Mas Warsidi rasuwa a gidansa da ke Pekalongan, nan ƙasar Indonesiya, yana da shekara saba'in da tara. Shekara talatin da uku rabona da yi maka magana, Mas, kamar yadda muke kiran na gaba da mu. Yau zan yi, a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a na ɓata ka.

Tsofaffin garin nan ba su san fuskarka ba, amma kai ka hana su zuwa bayi su kaɗai. Ni nake rubuta wasan "Wa Ya Aikata?" da ƙaramar tasharmu ta rediyo ke watsawa kai tsaye kowace Alhamis bayan magariba, kai kuma kake yin ƙararrakinsa. Ka caka wa kabeji wuƙa, mata su yi salati a gidajensu. Ka zuba gishiri kan ganyen ayaba, mutane su fita kwashe shanya. Kana da wata 'yar ƙofa ta katako, ba ta fi faifai ba, wadda ka hana kowa ya ɗiga wa mai. Ranar da na fara aiki ba ni da takalmin kirki, ka zaro ɗaya daga cikin na aikinka ka miƙo mini. "Saka, Dik, ƙanena," ka ce, "amma ranar Alhamis ka dawo da shi, na mai kisan kai ne."

Dokarmu ita ce ba a ba 'yan wasa shafin ƙarshe sai suna gaban makirfo. Mutum uku kaɗai ke sanin mai laifi tun da wuri: ni, da shugaban tasha, da kai, saboda sai ka shirya kayanka. Masu sauraro kuma suna aiko da kati su canki sunan, wanda ya dace ya ci keken ɗinki daga kamfanin da ke ɗaukar nauyinmu.

A 1978 sai 'yan unguwa ɗaya ta bakin kogi suka ci sau biyar a jere. Har da wata tsohuwa da ko rediyo ba ta da shi! Kamfani ya ce ko a fito da mai tona asiri, ko su janye a rufe shirin.

Wanda sana'arsa ƙirƙiro maƙaryata ce, ba ya ganin kowa da gaskiya. Na zargi mai shara, na zargi 'yan wasa, na riƙa kwana da makullin akwatina a wuya. Daga ƙarshe na bi bayanka wata Talata, kamar ɗan sandan da nake rubutawa. Ka nufi bakin kogi, ka tsaya wurin wata mai soya ayaba, kuna ƙus-ƙus, takardu na wucewa tsakanin hannunka da nata. Ban matsa na ga daga wane hannu suke fitowa ba. Na ruga na faɗa wa shugaba.

Ya tara ma'aikata duka ya tambaye ka. Ka dube ni, sannan ka ce masa, "Ba ni da abin faɗa, Pak, ranka ya daɗe." Ka tattara kayan aikinka ka fita. Daga makon nan asiri bai sake fita ba, ni kuwa na riƙa yawo ina hura hanci wai na kama ɓarawo. Ka koma gyaran rediyo a bakin kasuwa, ana nuna 'ya'yanka a makaranta ana cewa ga 'ya'yan mai sayar da sirri.

Ranar Laraba da na ajiye wayar, matata Ngatini ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka. Na ce, "Ke kuma meye naki a ciki?" Kai, har a nan sai da zuciyata ta raya mini wani mugun abu.

"Ni ce, Pak," ta ce, haka take kirana. "Takardun da kake ɓatawa ka wurga a kwando. Mai ayabar nan gwaggona ce, ba ta da abin ƙunsa wa mutane, na ga asara ce a ƙona su, sai na riƙa kai mata."

Ashe rabin unguwa suna karanta sunan mai kisa a jikin takardar ayabarsu, mai yana naso. Kai ma a haka ka gano, ka je karɓe sauran kafin su bazu, ranar da na laɓe ina leƙenka. Bayan an sallame ka, ka biyo ta ƙofar baya ka ce wa Ngatini ta riƙa ƙona su, ta kuma ja bakinta. Lokacin tana da cikin fari. Ta ce ka yi dariya ka ce, "Ni ina da hannu, zan ci abinci. Mijinki kuwa ban da ƙarya a takarda bai iya komai ba, kuma na san zuciyarsa, zai kore ki."

Da na kore ta, wallahi. Ka san ni fiye da yadda na san kaina.

Akwai zargi ɗaya da ya rage mini, kuma ya fi sauran ciwo. Kullum da safe nakan tarar da kwandon nan wayam, ban taɓa tambaya ba. Na bincike kowa a tasha, ban leƙa ɗakina ba. Ina zargin tun a lokacin wani sashe na zuciyata ya sani, ya ga ya fi sauƙi a ce kai ne.

Kafin a ɗauki makara, liman ya tambayi jama'a sau uku, kamar yadda aka saba, ko sun shaida kai mutumin kirki ne. Kowa ya amsa ban da ni. Bayan an dawo na durƙusa gaban matarka Tumirah, wadda muke ce wa Mbak, wato yaya, na faɗa mata komai. Ko gezau ba ta yi ba.

"Na sani tun ranar," ta ce. "Kuma bai taɓa fashin sauraron shirinku ba. Yakan ce wanda kuka ɗauka a gurbinsa bai ma iya rufe ƙofa ba."

Na ce, "Mbak, ya yafe mini?"

"Ban sani ba, Dik. Bai sake kiran sunanka ba, da alheri ko da sharri."

To ga shaidata, ko da ta makara. Duk wanda ya taɓa jin an ce Warsidi ya sayar da asirin shirinmu, ƙarya ce, kuma ni Kasmuri na yi ta. Daga gidana abin ya fita. Shi rufa mini asiri ya yi, ya biya da aikinsa da sunansa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mbak Tumirah, da 'ya'yansa Suwarni da Hartoyo, waɗanda suka girma da tabon da na shafa musu. Ba na neman ku yi mini komai. Allah ya jiƙan Mas Warsidi, ya haskaka kabarinsa, ya rufa masa asiri ranar tonon asiri kamar yadda ya rufa wa wanda bai cancanta ba. Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Ni kuma, ya Ubangiji, ranar da za ka tsayar da mu mu biyu, ka sa ya yarda ya kira sunana. Amin.